Katin da Bai Sami Kowa Ba

Bayan la'asar a Garwa,
in inuwar darbejiya ta iso ƙafar teburina,
yaran nan uku sukan mamaye min benci.
Ba shayi suke saye ba,
inuwa suke sha kyauta.

Katunansu ba kartar da muka sani ba ce.
Waɗannan da dodanni a jiki, da mashi, da tsawa,
da ƙananan rubutun Faransanci kamar sahun tururuwa.
Dala arba'in ƙunshi, in ji su,
wani ɗan kasuwa ke hawo da su daga Duwala.
Suna musaya kamar dillalan shanu:
ba ni kadanka mai fiffike, in ba ka kurayena biyu.

Yau rigima ta tashi kafin ruwana ya tafasa.

Nafi'u ya ajiye kati mai hoton ƙwarya cike da haske.
Aikinsa ɗaya ne: warkar da wanda aka raunata.
Amma fagensa wayam.
Tun zagayen baya Bakari ya share masa dakaru,
ba gurgu, ba mai numfashi.

Bakari ya ce, ɗauke abinka!
Wa za ka warkar, benci?
Katin da ba shi da abin yi ba ya sauka.

Nafi'u ya ce, nawa ne, na biya kuɗinsa,
lokacina ne kuma.

Sai Hammadu, mai gilashin da aka ɗaure da zare,
ya zaro takardar doka, duk ta sha maiƙon ƙosai.
Ya bi ta da yatsa, ya ce abin biyu ne.
In kati ya ce zaɓi wani, to sai da wanin.
In bai ce zaɓi ba, sauke shi,
ya tafi juji a banza, kai ka jiyo.
To wannan fa?
Nan ne takardar ta yage,
daidai inda kalmar take.

Suka juyo gare ni su ukun.
Baba Maikano, raba mu.

Ni da ban san baƙin Nasara ba sai na jikin kuɗi.

Na tsaya da ludayi a hannu,
sai ga ni a gadar Binuwai, shekara tara baya,
a bayan babur, ina cewa yaro ƙara wuta,
ledar magani a cikin rigata tana manne da zufa.
Kanti huɗu na zaga kafin in samu.
Jaka goma sha ɗaya, rancen maƙwabci.
Da na shiga ɗakin asibitin
an riga an ja wa Dije zane har goshi.

Malamar jinya ta ce, mayar, wataƙila su karɓa.
Ban mayar ba.
Na ajiye kwalbar a gefen matashinta,
na gyara mata zama, takardar na kallon sama,
kamar akwai wanda zai karanta
safe ɗaya, dare ɗaya, bayan abinci.

Ba ta warkar da kowa ba.
Amma da na fito da ita a aljihu
da har yau ina kan gadar nan.

Na ce, Bakari, me zai rage ka in ya sauke?
Ya ce, ba komai.
Me zai ƙare shi?
Ba komai, asara ma zai yi.
Na ce, to bar mutum ya yi asararsa da hannunsa.

Hammadu ya ce wannan ba doka ba ce.
Na ce ai ba a benci na doka kuke zaune ba.

Nafi'u ya sauke ƙwaryarsa a fagen da ba kowa,
ya bar ta jim kaɗan,
sannan ya tura ta juji.
Zagaye biyu Bakari ya cinye shi.

Madarata ta ƙone a gindin tukunya.
Wani direban auduga yana ta buga min tebur:
mai shayi, yau lafiya kuwa?