Tartsatsi a Cikin Jini

Wata uku ke nan, Bappa Gidado,
da fartanya ta sare ka a dunduniya
a lambun albasa, ƙasan madatsar Dadin Kowa.
Ka ce ƙwarzane ne. Ka ɗaure da tsumma, ka koma ban-ruwa.

Yau ni ke warware bandejin,
ni da ka sayar da maruƙa don karatuna.
Gyambon na kallona, baki buɗe, fari fat,
kamar fangalin da ruwa bai kai ba.

Ka ce: Me ya hana shi rufewa?
Bari in faɗa maka da harshen lambu.

Iskar da ka shaƙa, jini ke rabawa,
wajen rabon sai tartsatsi ya tashi,
ƙanana, masu zafin rai,
kafin ƙiftawar ido sun mutu.
Da fari an koya mana ɓarna kaɗai suka iya.
Ashe 'yan aike ne.
In nama ya tsage, su ke ƙwanƙwasa bangon jijiya:
Tashi, can gaba ana ƙishi.
Sai bango ya yi toho,
ƙwaya guda ta wuce gaba tana lalube,
na baya na bi suna jan magudana
wadda ba ta kai silin gashi ba,
har jini ya isa inda aka fid da rai.

Amma kai ka san wuta.
Wadda ka gasa masara da ita
ita ta cinye wa Lamuwa rumbu biyu bara waccan.
Sukari ya yi wa jininka yawa,
tartsatsi ya zama gobara,
ɗan aike ya ƙone saƙon da ke hannunsa,
toho na leƙowa yana babbakewa.
In kuma aka kashe shi ƙurmus,
shiru: ba mai kira, ba mai amsawa.

Ka yi dariya. Gishirin miya ke nan, Dija.
Na ce: Har yau masana na neman cokalin awonsa.

Na wanke, na naɗe.
Na kwashe ƙullin sukarin da ka ɓoye a ƙarƙashin matashi,
ka kau da kai kamar ba ka gani ba.

Laraba ta uku, a gefen gyambon,
ga ɗigo ja, ja, ja, kamar ƙwayar gero.
Ban ce komai ba.
Ka dubi fuskata maimakon ƙafar,
ka ce: Ruwa ya shiga fangali, ko?