Dutsen Garba Bature

A bayan tsohon kanti, gab da gangaren Binuwai,
inda Garwa ke juya wa kogi baya,
akwai wani dutse tsaye, tsawon yaro ɗan shekara goma.
Awaki na sosa ƙeya da shi.
Hajja Dudu na shanya kuɓewa a gindinsa.

Garabet ne sunan mai kabarin.
Harshenmu ya kasa ɗauka, aka ce Garba Bature.
Gishiri yake sayarwa, da allura, da kananzir.
Ya ce ƙasarsu Armeniya, inda duwatsu suka fi mutane yawa.
Ba wanda ya taɓa jin sunan,
aka ɗauka wata unguwa ce a Sham.

Da ya rasu, ƙanensa bai yi kuka a gabanmu ba.
Ya yi hayar amalanke da mahaifina, Jatau magini,
suka hau tudu, suka sauko da falalen dutse ja.
Damina guda yana duƙe a kansa da kurfi da guduma,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
har kajin unguwa suka daina firgita.

Gicciye ne a tsakiya, amma gicciye mai tsiro,
ƙafarsa ta fid da ganye kamar rogon da aka dasa.
Ƙarƙashinsa faifai mai juyawa.
Gefe kuwa igiya ce, ta shiga ta fita, ta shiga ta fita,
ka bi ta da yatsa har magariba ba ka sami bakinta ba.

Mahaifina ya tsuguna, ya daɗe.
Can ya ce: Wannan ai dagi ne.
Wa ya kai muku dagi?
Baƙon ya yi dariya, karon farko tun jana'iza,
ya ce: Abin da na tambayi kaina ke nan
ranar da na ga goshin zaurenka.

Dagin mahaifina na laka ne.
Kowace damina ruwa ya lashe, kowane rani ya sake.
Zaurensa na ƙarshe an rushe shi, shagon cajin waya ne yanzu.
Shi kansa mun kwantar da shi arewa da gari,
muka kafa katangar tulu wajen kai,
damina uku ƙasa ta shafe komai.
Haka aka koya mana, ban kuwa yi ƙorafi ba.

Bara wata mata ta zo da tafinta,
jikar ƙanen nan, gashinta fari fat.
Ta kori akuya, ta durƙusa, ta zuba ruwan gora a kan dutsen,
haruffa suka taso kamar tarwaɗa a tabki.
Ta karanta a hankali, ban ji ko kalma ɗaya ba,
amma na san muryar, da ita muke yin ta'aziyya.

Sai ta ce: Mutumin da ya ɗauko dutsen tare da kakana,
ina yake kwance?
Na kai ta. Na nuna fili:
tsakanin waccan dogonyaro da wancan suri,
ko gaba kaɗan.
Ta sunkuyar da kai kamar ita ta ɓatar da shi.

Na ce mu koma.
Na nuna mata kusurwar hagu, can ƙasa,
inda igiyar ta yi kauri, ƙullin ya karkace.
Nan ne baƙo ya miƙa wa mahaifina kurfi wata la'asar.
Hannun da ya saba da laka, dutse bai yi masa ladabi ba,
ya yi ƙulli ɗaya, ya mayar, yana tsaki.

Addu'a can nake kai masa, ranar Juma'a.
Nan kuwa, in na wuce kasuwa,
ina sa babban yatsa a karkataccen ƙullin nan,
in ce wa Hajja Dudu ta ɗan matsar da kuɓewarta.