Cocin Da Ke Tsaye Kamar Zalɓe

Baba Whesu, mai kawo mini banda kasuwar Mil Sha Biyu,
shekara tara muna ciniki bai roƙe ni komai ba,
sai rannan, yana ƙirga canji:
"Lahadi za a kai jikata coci, a yi godiya.
Ka zo da iyali. Hanya ba ta kai can ba."

Bayan Badagiri kwalta ta ƙare,
jar ƙasa ta ƙare, ƙasar ma kanta ta ƙare.
Goggo Kande ta dubi kwalekwale, ta dube ni:
"Ni da na haifi bakwai a Gumel,
ruwan da na sani na cikin guga ne."
Ta shiga dai, da carbi a dama,
hagu kuma cikin naman hannun Barira.

Tanimu ne ya fara hango shi.
Ba tudu, ba gaci, ba ko inuwar kwakwa,
gini ne kan dogayen ƙafafu cikin tafki,
kamar zalɓen da ya tsaya jiran kifi
har ya manta abin da ya kawo shi.
Filafili biyu aka ɗaure, su ne gicciye.
Ƙararrawa tsohuwar tukunyar gas ce,
wani yaro na dukanta da sifana.

Muka hau tsani, matakala ɗaya ta ɓace.
Mumbarin goshin jirgi ne da aka yanke,
har yanzu da ɓawon kifi a tsagarsa.
Taru ne labule. Ta tsakanin katakan daɓe
ruwa na wucewa, kore, ba ya sauri,
haskensa na rawa a cikin kwanon rufi
da kan haɓar kowa.

Ba mu ji ko kalma ɗaya ba.
Amma da suka tashi waƙa, mata cikin fararen kaya,
ginin duka ya karkata hagu, ya komo dama,
Goggo ta ce "Innalillahi" da ƙarfi,
wata tsohuwa ta amsa mata da "Amin",
ta matsa mata wuri a benci.
Aka ɗaga jaririya, aka ce Senami.
Ba ta ko farka ba. Jijjigar ta saba da ita tun a ciki.

A nan ne Uwani ta zura ƙafa a tsaga,
takalmin Sallarta, mai jan fure,
ya faɗa. Muka ji ɗan ƙaransa, cuɓul.
Ta buɗe baki sai ganga ta haɗiye kukan.

Azahar ta same mu bisa ruwa.
Na tambayi fasto gabas, ya yi shiru,
ya kira masunci, shi ya fi sanin sama.
Aka kwashe kwandunan jatan lande daga baranda,
aka shimfiɗa buhu.
Na yi sujada, kifi na gilmawa ƙarƙashin goshina.
Goggo ta ɗanɗana ruwan alwala ta tofar:
"Har ruwansu da gishiri, sai miya kawai."
Ta ci malmala biyu. Barira ta ƙirga.

Da yamma muka juyo, Tanimu na barci a kan gwiwata,
Uwani da ƙafa ɗaya tsirara,
cocin na ƙanƙancewa a baya
har ya zama tsuntsu sosai.

Ranar Laraba kwandon banda ya iso.
Ƙarƙashin kifi na goma sha wani abu,
cikin takardar siminti,
ga takalmi, an shanya shi a kan hayaƙi,
furen ya koma ruwan ƙasa.
An wanke shi sau uku, ƙauri bai fita ba.
Uwani ta hana a yar.
Kyanwar maƙwabta tana bin ta har makaranta.