Hannuna a Akwatin Haske

Da asuba yatsuna ba sa amsa sallama,
sai hantsi ya dubi ludayi suke buɗewa.
Shekara ashirin da bakwai kawunan matan Jega na kan cinyata,
shuku, kalaba, duk wanda aka zo da shi.
Yanzu tsinken kitso kan faɗi, in tsaya ina kallonsa
kamar ba nawa ba.

Aka ce sanyi ne, na sha saiwa.
Aka ce sammu ne, na yi hayaƙi.
Wanzami ya kafa mini ƙaho.
Bara har hoton ƙashi na yi a Birnin Kebbi,
aka ɗaga shi sama aka ce, “Inna, ƙashinki lafiya lau.”
Na koma gida da lafiyayyen ƙashi
ina kasa murɗe murfin kwalba.

Wannan karon yarinya ce, Dakta Luba,
ba ta kai ’yata ta fari ba.
Ta ce in cire zobe. Sai da aka sa sabulu.
Ta ce in zura hannu a akwati, in ware yatsu.
Ba allura, ba zafi,
jan haske kawai ya ratsa fatata.

Sai na tuna muna yara, da dare,
mu kife tafi a bakin tocila,
hannu ya koma garwashi, mu yi ta dariya.
Na tuna Gwaggo Tsahara da ƙwan zabi,
ta ɗaga shi saitin rana, ta runtse ido ɗaya,
ta ce wannan bara-gurbi ne.

Sai ga hannuna a kan allo.
“Kin ga nan?” Gaɓa uku a dama, biyu a hagu.
“Nan jini ya taru, kumburi ya tare hasken.
Amosanin gaɓɓai ne. Bai ci ƙashi ba tukuna.”

Tukuna.
Na ƙulle kalmar a bakin zane kamar canji.

Hawayen da na share ba na ciwo ba ne.
Yau wani ya ga abin da na daɗe ina faɗa.

A motar komawa wata budurwa ta zauna gabana,
ɗankwali ya zame, kitson ya tsufa, tsagar a karkace.
Magani na cikin jaka, an ce sai ya yi makonni kafin ya kama.
Yatsuna dai, a kan gwiwa,
sun fara motsi su kaɗai.