Takardar Mutari Tela

Zauna, Mutari, jawo bencin cikin inuwa.
Wuta ta dawo, mu yi sauri kafin ta tuba.
Ka ce in buga: "Tela, shekara goma sha tara."
Shi ke nan? Layi ɗaya ka miƙe?
Ashe kai ma ba ka san kanka ba.

Wa ya riƙe littafin bashin rabin Kasuwar Dole
ko dala ba ta taɓa ɓacewa ba?
Wa ya karɓi yadin mutum ɗari, salla saura mako,
na wannan bai shiga na wancan ba?
Yara bakwai ka koya wa riƙon almakashi,
biyu yau da shagonsu, ɗaya a Zango, ɗaya a Mirya.
Masu siton nan ba zare suke nema ba.
Suna neman wanda zai ƙirga buhun riɗi da hantsi,
ya sake ƙirgawa da magariba, lissafi ya haɗu.
Wannan za mu ɗora a sama.
Keken ya sauko ƙasa.

Shafi guda ya isa.
Mai duba dosiye na da tamanin a gabansa
ga shayinsa na hucewa.
Ba ni lambar da ke shiga, ba ta ƙanenka ba.
Takardar lakwal ba ka da ita, ni ba zan haifa maka ba.
Ƙarya a takarda ɗinkin dare ce,
ta yi kyau a fitila, da safe mai riga ya dawo.
Wata goma sha huɗu da baya ya kwantar da kai,
mu faɗa a layi ɗaya, mu wuce.

Talata ƙarfe tara suka ce.
Ka kwana da ruwa a jarka,
famfon Garin Malam bai yi wa kowa alkawari ba.
Sa rigar da ka ɗinka da hannunka.
Goro ya jira a aljihu, waya ta yi barci.

Wanda zai yi maka tambaya yaro ne,
mai yiwuwa kai ka yanka masa kakin makaranta.
Kada ka tuna masa.
Zai ce: me ya raba ka da keke?
Kada ka zagi gwanjo, kada ka zagi zamani.
Ka ce ido ya gaji da kafar allura
amma bai gaji da lamba ba.
In ya kawo zancen kwamfuta, kar ka ce ka iya.
Ka ce wata biyu ke nan kana zuwa wurin Cima bayan la'asar,
yatsa biyu kake bugu, amma ba ka tsallake sifiri.
Albashi, bari su fara.
In sun matsa, faɗi jikarka ka kama bakinka,
yadda kake yanka kuɗin babbar riga
ka ci gaba da guga.
Kafin ka tashi kai ma ka tambaya:
ta ina ruwa ke shiga siton da damina?

Hannunka na rawa. Na gani.
Ni ma alli na riƙe shekara goma sha ɗaya a Tanut
kafin in zauna bayan wannan na'ura.
Ƙofa huɗu na ƙwanƙwasa, a ta farko
sunana ma sai da na laluba.

Ungo. Riƙe ta gefe, tawadar ba ta bushe ba.
Karanta da ƙarfi in ji.
A'a, kada ka dube ni, mutumin nan kai ne.

Kuɗin bugu bar shi.
Labulen ƙofar nan tun bara yake a yage,
ka zo da allura ran Laraba ka ba ni labari.
Keken kuwa, kar ka sayar tukuna.