Zoɓon Marka

A gindin dutsen Kwatarkwashi kowa na shuka yakuwa,
amma Nomau sama yake hawa da tasa,
can inda ƙasar ba ta fi shimfiɗar buzu ba
tsakanin fā biyu.
Aka ce masa wahalar banza.
Ya ce, "Tsiron da ya sha ƙishi shi ke da jini."

Da kaka sai ya sauko da buhu ɗaya tak,
abin da na fadama ke cikawa kafin hantsi.
Soɓorodon ƙanana, sun yi duhu,
ja mai neman komawa baƙi.

Marka ba ta tafasa shi.
Jiƙa shi take a tulun da uwarta ta bar mata,
ta kife faifai, ta danne da dutse,
ta hana mu ko leƙawa sai an kira assalatu.
Kanumfari bakwai, ƙirgawa take.
Citta kaɗan.
Ka ambaci sukari ta harare ka:
"Tsamin nan aka hau dutse nema."

Na sha na Gusau a robobi masu raɓa,
na sha na biki mai ƙamshin abarba,
duk ruwa ne aka rina.
Nata kama harshe yake tukuna,
ya jima, sannan ya sake ka
da ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari.

Bana gwiwar Nomau ta ƙi hawa.
Jiya na iske shi a zaure
yana ƙulle iri a tsumma.
Bai ce uffan ba. Ya miƙo mini,
ya nuna sama da haɓa.