Jan da Eusebio Yake Nema

A ƙauyensu na Oaxaca uwarsa mai rini ce.
Takan kankaro ƙananan ƙwari daga jikin tsiro mai ƙaya,
ta shanya, ta niƙa a dutse,
sai ja ya fito.
Eusebio Arrazola bai kai shekara bakwai ba
ya gane ja ba ɗaya ba ne:
akwai na tukunya, akwai na bayan an ɗiga lemun tsami.

Da takalmin aro ya shiga babban birni.
Shekara tara yana naɗe waya,
yana goge idon kyamarar wasu,
babu wanda ya tambaye shi me yake gani.

Ni daga baya na zo, ni ke riƙe masa ma'aunin haske.
Na tuna bakin teku a Veracruz:
kwana uku muna zaune,
darakta na kumfar baki,
kuɗi na tsiyaya kamar ruwa a kwando,
'yan wasa sun gaji da karta.
Shi kuwa ido a sama, yana ɓare gyaɗa.
"Rana ba yarinyar gidana ba ce,
ba na aikenta."
Ran na huɗu, dab da faɗuwarta, ta ba mu minti shida.
Rigar matar nan ta kama da wuta, ba hayaƙi.
Ba wanda ya yi tari.

Saboda minti shidan nan suka kira shi dandamali.
Kwat ta matse masa wuya,
ya karɓi gunkin tagulla, ya gode wa masu ɗaukar fitilu, ya sauko.
Gunkin na nan har yau,
shi ke tare ƙofar kicin kada iska ta buga ta.

Fim arba'in da ɗaya.
Yanzu yana ta rufe idanun,
duniya ta koma masa ruwan shayi.

Jiya na same shi a tsakar gida, ƙullin zare a cinya.
Ya ce, "Wane launi ne?"
Na ce ja.
Ya yi dariya har da tari:
"Shekara talatin a bayana, ja kawai?"
Ya kai zaren hanci, ya daɗe.
"Sun cika lemun tsami.
Na tafin hannun uwata nake nema tun farko.
A Veracruz na kusa.
Kusa kawai."